Zoben da Ke Tsare Ayarin Elektiron: Lacca a Kumasi

An kwafo wannan lacca daga naɗin murya da aka yi a wani ɗakin taro da ke Aboabo, a Kumasi, inda wani malamin kimiyyar fiziks ya yi wa ɗaliban sakandare da malamansu da wasu masu sana'ar hannu bayani.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu malamai da ke sahun gaba, da shugaban wannan zama, da ɗaliban da suka cika bencin baya, waɗanda na san wasunsu ba da son ransu suka zo ba. An ba ni awa guda, na kuma shirya magana huɗu: dalilin da ya sa ake tsare ƙwayoyi a cikin zobe, yadda ake lanƙwasa hanyarsu, abin da ke cinye su, sai kuma ƙananan zobban da ke aiki a yau.

Ku dubi wannan abin da ke hannuna. Naɗin waya ne na jan ƙarfe da na ciro daga wuyan tsohuwar talabijin, irin mai ƙeyar nan da kowane gida a Zongo ya taɓa mallaka. A bayan waccan talabijin akwai ɗan bututu da ke fitar da elektiron, wato ƙwayar da ke gudana a cikin wayar lantarki, sai ƙarfin wuta na bolt dubu ashirin da wani abu ya fizge ta zuwa gilashi, wannan naɗi kuma ya zama maganaɗisu ya karkata ta hagu da dama har hoto ya fito. Saboda haka duk wanda ya kalli ƙwallo a irin wannan akwati ya zauna gaban na'urar hanzarta ƙwayoyi bai sani ba. Sai dai elektiron ɗin talabijin tafiya ɗaya yake yi, ya daki gilashi, aikinsa ya ƙare. Abin da ya kawo mu yau shi ne yadda za a hana shi isa ko'ina, a sa shi ya yi ta kewaya cikin bututu mai siffar zobe na tsawon awanni. Jerin ƙwayoyin da ke tafiya tare zan riƙa kiransa ayari, domin a garin da kakanninmu suka zo fataucin goro ba sai an fassara wa kowa wannan kalma ba.

Me ya sa ake son tsare ayarin? Idan tirotiro ta daki motar da ke ajiye a gefen hanya, Allah ya kiyaye, yawancin ƙarfin yakan tafi ne wajen tura motar gaba. Idan kuwa gaba da gaba aka yi, babu inda ƙarfin zai tafi sai cikin ƙarfen. Masu binciken ƙwayoyi irin karo na biyu suke nema, domin daga ƙarfin karon ne sababbin ƙwayoyi ke fitowa. Idan aka haɗa ayari biyu gaba da gaba, kowanne da ƙarfin elektiron-bolt miliyan 250 (elektiron-bolt shi ne ma'aunin ƙarfin ƙwaya), to kafin a samu kwatankwacin wannan ta hanyar harbin elektiron da ke zaune wuri ɗaya, sai an ninka ƙarfin harbin kusan sau dubu. Amma ƙwayoyin ƙanana ne ainun, ayari biyu sukan ratsa juna ba wanda ya taɓa wani, don haka dole su yi ta haɗuwa sau miliyoyi kafin a dace. Injiniya ɗan Norwe, Rolf Widerøe, ya yi wannan tunani tun 1943, Gerard O'Neill na Amurka kuma ya kawo shawarar zoben ajiya a 1956.

Magana ta biyu ita ce lanƙwasawa. Maganaɗisu ba ya ƙara wa ƙwaya gudu, karkata ta kawai yake yi, kuma akwai ƙa'ida ɗaya da nake so ɗalibai su rubuta. Ga ƙwayar da ta kusa gudun haske, ku ninka 0.3 da ƙarfin maganaɗisu a ma'aunin tesla, ku sake ninkawa da rabin faɗin zoben a mita, abin da ya fito shi ne ƙarfin ƙwayar a biliyoyin elektiron-bolt. Maganaɗisun baƙin ƙarfe yakan ƙoshi a wajen tesla 2, ko ka ƙara masa wuta ba ya ƙaruwa da wani abin kirki. Babban zoben CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai da ke kusa da Janeba, ya kai kewayen kilomita 27, duk da cewa maganaɗisunsa na musamman ne, mai kusan tesla 8. Wanda yake son ƙaramin zobe, ko dai ya haƙura da ƙarfi kaɗan, ko ya nemo maganaɗisu mai tsanani. A jami'ar Ritsumeikan ta Japan akwai zobe mai suna AURORA wanda faɗin hanyarsa mita ɗaya ne tak, maganaɗisunsa tesla 3.8. Yarinyar nan mai farin hijabi da na ga tana rubutu, ninka mana 0.3 da 3.8 da rabi. Madalla, 0.57, wato elektiron-bolt miliyan 570. Ƙarfin zoben kuwa miliyan 575 ne, kun ga ba ni na ƙirƙiro ƙa'idar ba.

Lanƙwasawar tana da kuɗin fito. Duk elektiron da aka tilasta wa yin kwana sai ya zubar da wani ɓangare na ƙarfinsa ya zama haske, kuma a 1947 aka fara ganin wannan haske da ido a ɗakin binciken kamfanin General Electric a Amurka. Idan ka ninka ƙarfin elektiron sau biyu, asarar takan ninku sau goma sha shida, kuma gwargwadon matsewar kwana gwargwadon yawan asara. Don haka a kowane zobe akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da igiyar rediyo ke kaɗawa a ciki, wanda ke mayar wa ayari abin da ya zubar a kowane zagaye. Zango ke nan, inda ake ƙara guzuri. Abin sha'awa shi ne yadda zangon ke tsare tsarin ayari ba tare da madugu ba. Elektiron da ƙarfinsa ya yi yawa yakan buɗe kwana, hanyarsa ta yi tsawo, ya iso a makare, ya tarar turin ya ragu. Wanda ƙarfinsa ya gaza yakan matse kwana, ya iso da wuri, ya samu turi mai yawa. Ta haka kowa ke komawa tsakiya. Veksler a Tarayyar Sobiyet a 1944 da McMillan a Amurka a 1945 suka gano wannan, kowanne bai san da ɗayan ba.

Yanzu ku ba ni dama in tsaya a kan zoben da na fi ƙauna, ko da zai ci lokacin sauran. Sunansa AdA, a garin Frascati kusa da Rum, a Italiya. Wanda ya kawo shawararsa, Bruno Touschek, haifaffen Biyana ne a 1921, mahaifiyarsa Bayahudiya ce, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki tare da Widerøe ɗin nan da na ambata a Hambog, har 'yan sandan asirin Hitila suka kama shi. A 1945, ana kora fursunoni a ƙasa zuwa Kiel, ya faɗi a hanya, wani mai gadi ya harbe shi ya bar shi a zaton ya mutu. Kwanansa na gaba. A watan Maris na 1960 wannan mutum ya tsaya gaban abokan aikinsa ya ce a gina zobe ɗaya wanda elektiron zai bi ta dama, abokin gabansa fozitiron ya bi ta hagu. Fozitiron nauyinsa ɗaya da elektiron, cajinsa ne kishiya, saboda haka maganaɗisu ɗaya ya ishe su, kuma dole su bi hanya ɗaya su haɗu. Sunan AdA taƙaitawa ce ta kalmomin Italiyanci masu ma'anar zoben tarawa, kuma ya yi daidai da sunan innarsa Ada da ke zaune a Rum. Ba a cika shekara guda ba aka gama ginin, a watan Fabrairu na 1961 aka tsare elektiron na farko.

Ina so ku ga girmansa da idonku. Rabin faɗin hanyar santimita 65 ne, kewayen kimanin mita 4. Daga wannan tebur zuwa ƙafar Alhaji da ke zaune can, iyakarsa ke nan, tabarma biyu za su ɗauke shi. A cikin wannan ɗan wuri elektiron yana zagayawa sau miliyan 73 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya yi awa goma a ciki ya yi tafiyar kilomita biliyan 10 da ɗoriya, wato ya je duniyar Neftun ya dawo da sauran canji, alhali bai fita daga tabarma biyu ba. Ku riƙe wannan lamba, domin ita ce asalin wahalar. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a zagaye ɗaya, idan ya maimaitu sau miliyan 73 a daƙiƙa, kafin ƙiftawar ido ayarin ya daki bango.

Wahala ta farko ita ce shigarwa. Mutum zai ce a harbo elektiron daga waje kawai. Ba ya yiwuwa haka, domin ƙwayar da ta shigo ta wata ƙofa, maganaɗisu zai kewayo da ita ya dawo da ita bakin ƙofar, ta daki bututun da ya kawo ta. A manyan zobba akwai maganaɗisu mai shuri, wanda ke kunnuwa ya daidaita ayarin, ya mutu kafin ayarin ya kewayo. A zoben CERN zagaye ɗaya yana ɗaukar kashi 89 cikin miliyan na daƙiƙa, akwai sarari. A zobe mai mita 4 kuwa kashi 14 ne cikin biliyan. Nan ne ƙanƙanta ta zama azaba. Mutanen Frascati sai suka yi dabara: suka harbo hasken gamma, wanda ba shi da caji don haka maganaɗisu ba ya karkata shi, ya shiga ya daki ɗan siririn ƙarfen tantalum a cikin bututun, a nan ciki aka haifi elektiron da fozitiron. Haihuwar gida ke nan, ba baƙi ba ne balle a tambaye su ta ina suka shigo. Amma 'yan kaɗan ne ke dacewa da hanya, sauran duk su ɓace.

Ƙarancinsu ya jawo abin da har yau nake jin tsigar jikina na tashi idan na tuna. Sun sa na'urar auna haske a wata 'yar taga, alƙalamin na'urar yana zana layi a takarda, sai suka ga layin yana hawa yana sauka kamar matakala: idan elektiron ɗaya ya shigo ya hau mataki ɗaya, idan ɗaya ya ɓace ya sauka mataki ɗaya. Suna ƙirga su ɗaya-ɗaya kamar awaki a bakin garke. Har ma idan an leƙa ta tagar, hasken elektiron guda ɗaya yana ganuwa da ido, ɗan ɗigo mai haske, saboda yana wuce tagar sau miliyoyi a daƙiƙa. Mu a aji muna zana elektiron da alli muna cewa ba ya ganuwa, su kuwa sun tsaya a layi suna leƙa haskensa. Na faɗa, zan kuma sake faɗa, ƙwaya ɗaya tak.

Da suka ga ƙwayoyin ba za su isa karo ba, sai a 1962 aka ɗora AdA a babbar mota aka kai shi Orsay kusa da Faris, inda akwai na'ura mai harbi da yawa. An yi tafiyar famfunan zuƙe iska suna aiki da batir, don kada iska ta shiga bututun. Ana ba da labarin cewa a kan iyaka jami'an kwastan sun nemi sanin abin da ke ciki, aka ce musu babu komai, kuma babu komai ɗin shi ne kayan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Aflao ko Paga ya san yadda jami'i zai ɗauki wannan amsa. Sai da manya suka sa baki motar ta wuce.

A Orsay ne aka ci karo da abin da ya fi damun ƙananan zobba har gobe. Wannan magana ta uku ce ko ta huɗu, Shugaba? To, mu ce ta uku. Da ayarin ya fara kauri, sai suka lura cewa gwargwadon yawan elektiron gwargwadon saurin ɓacewarsu. Da iskar da ta rage a bututu ce ke cinye su, da yawansu bai canja tsawon rayuwarsu ba. Touschek ne ya warware matsalar a 1963, shi ya sa take ɗauke da sunansa. Elektiron da ke tafiya a rukuni ɗaya ba a miƙe suke tafiya sak ba, kowanne yana ɗan lilo hagu da dama. Wani lokaci biyu sukan matso juna, cajinsu iri ɗaya ne, sai su ture juna, lilon gefe ya juye ya zama turi na gaba da baya. A wurin su biyun turin ƙarami ne. Amma saboda suna gudu kusa da gudun haske, ƙa'idar Einstein takan ninka wannan turi sau ɗaruruwa a ma'aunin zoben, a ƙarfin miliyan 250 kusan sau 500. Ɗaya ya samu ƙarfin da ya wuce abin da zango zai iya gyarawa, ɗayan ya rasa daidai wannan, dukansu biyu su fita daga ayari. Ba wani maƙiyi daga waje, 'yan ayarin ne ke fitar da junansu. Abin ya fi tsanani idan ƙarfin ayari kaɗan ne kuma an cusa ƙwayoyi a matse, ƙaramin zobe kuwa haka yake ta kowace fuska. Maganin da ake yi shi ne a ɗan kumbura rukunin ko a tsawaita shi don a rage cunkoso, amma kumburarren ayari ba ya karo sosai, haskensa kuma ba ya da kaifi, sai dai a zaɓi asarar da za a iya ɗauka. Zobban zamani da yawa sukan riƙa ƙara ƙwayoyi kaɗan-kaɗan ana cikin aiki. Duk da haka AdA ya nuna cewa elektiron da fozitiron suna karo a cikinsa, kuma a daidai wannan zamani mutanen masanin fiziks Budker a Novosibirsk ta Tarayyar Sobiyet suna gwada nasu mai zobba biyu, kowanne rabin faɗinsa santimita 43.

Na ga Shugaba yana nuna mini agogo, don haka sauran zan bi su da gudu. Ga ƙwayoyi masu nauyi da tafiya a hankali ba a bukatar maganaɗisu sam, faranti masu cajin lantarki sun isa su karkata su. Irin wannan zobe na Aarhus a Danmak, ELISA, kewayensa mita 7.6 ne, na Lyon a Faransa kuwa bai kai mita ɗaya ba, a kan tebur yake zaune. A Stockholm akwai mai zobba biyu da ake sanyaya shi zuwa digiri 13 sama da ƙarshen sanyi, don a kwaikwayi yanayin sararin samaniya. A Munich akwai zobe mai kewayen mita 4.6 da ake haska wa ayarinsa leza a samu hasken eksire mai kyau don hoton ƙashi da tsoka. Wannan na ƙarshe ya shafe mu, domin Afirka ba ta da babban zoben haske ko ɗaya, alhali an buɗe wani mai suna SESAME a ƙasar Jodan a 2017. An yi taro a Akra a farkon 2019 kan yadda za a gina na Afirka, kuma marigayi Farfesa Francis Allotey, wanda ya koyar a jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, a kan binciken hasken eksire ya yi suna.

A nan wani dattijo daga cikin masu sauraro ya ɗaga hannu ya ce: Malam, ni naɗin koyil nake yi a Suame Magazine shekara talatin. Wannan na tabarma biyun, idan an kawo mana zane, me zai hana mu ƙera shi?

Baba, na gode da wannan tambaya, ta fi abin da na shirya rufewa da shi. Maganaɗisun ba na shakkar hannunku a kansa. Baƙin ƙarfe ne da naɗin jan ƙarfe da ruwan sanyaya shi, sai dai fuskar ƙarfen tana son sassaƙa mai daidaito ƙwarai, domin siffarta ce ke mayar da ƙwayar da ta kauce zuwa tsakiya. Abin da zai ba mu wuya shi ne kayan nan da kwastan suka nema suka rasa. Famfon da mai gyaran firiji ke zuƙe iska da shi, a ganinsa ya kwashe komai, amma a wurin elektiron mai tafiyar kilomita biliyan 10 wannan bututu kasuwar Kejetia ce ranar jajibirin salla. Ana bukatar iskar ta ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin tiriliyan na wadda muke shaƙa. A wannan mataki roba ba ta shiga, mai ba ya shiga, bututun farin ƙarfe ne marar tsatsa, mahaɗarsa da zoben jan ƙarfe ake datse ta, sannan a naɗe shi a gasa shi kwana ɗaya ko biyu a zafin da ya haura digiri 150 don ruwan da ya maƙale a bangonsa ya fita. Shatin yatsa ɗaya a ciki zai yi ta fitar da tururi yana ɓata aikin.

Sai kuma wuta, wadda na ji wani a baya ya ambata ana dariya. Gaskiyarsa. Idan wuta ta ɗauke, ko ta yi rawa kaɗan, ayarin da aka yi awanni ana tarawa ya tafi tun kafin fankar silin ta rage gudu, don haka dole a samu wuta tsayayya ta kansa. Zoben elektiron kuma yana fitar da haske mai cutarwa, sai da katangar kankare da izinin hukumar kula da harkokin nukiliya. Da ni za a tambaya, da irin na Lyon zan ce a fara, mai faranti, wanda ba ya bukatar tan-tan na ƙarfe kuma haɗarinsa kaɗan ne, a koyi zuƙe iska da ƙirga ƙwayoyi a kansa. A Kwabenya, a hukumar makamashin nukiliya ta Ghana, akwai na'urar hanzarta ƙwayoyi mai bolt miliyan 1.7, ma'ana akwai 'yan ƙasar nan da suka san aikin bututu marar iska da hannunsu. Baba, idan an tashi ku tsaya ku duba mini wannan naɗin talabijin, akwai wurin da wayar ta karkace a gefe, ina so ku gaya mini ko da gangan aka naɗa ta haka.